Yau dai mutumina ya taka ƙasa

'Yan uwa masu koyon zanen katun mai motsi, ku taya ni murna. Sati uku ina fama da taku biyu kacal, sai daren jiya mutumin da nake zanawa ya yi tafiya irin ta mai jini a jika. Daƙiƙa ɗaya ce da 'yar ɗoriya, amma tun safe nake maimaita kallonta.

Matsalar ita ce nauyi. Ƙafafu na motsi, hannuwa na lilo, amma kai ka ce an rataye shi a igiya ana jan sa. Kan nan nasa yana tafiya sambal kan layi ɗaya, ba hawa ba sauka. Da farko na zargi ƙafa, na ce zamewa take yi, na bi diddige firam bayan firam, wato hoto bayan hoto a jerin hotunan da ke haɗa motsin, ina auna tazara. Na ƙara zanen tsakani, wato zanukan da ke cike gibin da ke tsakanin manyan zanuka. Na sake lilon hannu har sau huɗu. Duk a banza. Rim guda na takarda ya ƙare a kwandon shara, kuma abin ya ci mini rai, don na tanade shi ne domin aikin da ke gaba.

Da tura ta kai bango sai na koma wa littafin koyar da zanen motsi da Richard Williams ya fitar a 2001, wanda na tsallake rabinsa saboda gaggawa. Mutumin nan ɗan Kanada ne, an haife shi a 1933, shi ya jagoranci zanen katun a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988, ya rasu a 2019. Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne yadda ya mai da kansa ɗalibi bayan ya riga ya yi suna. Yana da ɗakin aikinsa a Landan, yana da lambobin yabo, amma ya ɗauko tsofaffin hannu irin su Ken Harris da Art Babbitt, ya zauna gabansu shi da ma'aikatansa suna ɗaukar darasi. Ni kuwa da ban kai ko'ina ba, har na fara ganin na wuce karatun tafiya.

Ga inda na yi kuskure. Nakan zana saukar diddige, in zana inda ƙafa ke gifta 'yar uwarta, sai in cike tsakani daidai wa daida. Ashe zanen da ke biyo bayan saukar diddige shi ne ran tafiyar: gwiwa ta lanƙwashe, ƙugu ya nutsa, jiki duka ya zauna kan ƙafar gaba. Daga nan ne yake samun abin da zai tunkuɗa ya ɗago. Na sauke ƙugun da kamar faɗin fensir, na kaɗa takardun tsakanin yatsuna, sai ga mutum ya yi nauyi. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Lissafin ma ya ba ni wahala. A taku mai firam 12, nutsawar tana faɗawa kan 4, ɗagowar kan 10, ni kuma ina zane ɗaya ne ga firam biyu, wato kan 1, 3, 5 har zuwa gaba, don haka ba sa haɗuwa. Na koma taku mai firam 16: manyan zanukan suka faɗa kan 1, 5, 9, 13, 17, komai ya zauna. Tafiyar ta zama ta mai nishaɗi, ba ta mai sauri ba, kuma na fi son ta haka.

Na kuma kashe kiɗa. Williams ya ba da labarin yadda ya tambayi Milt Kahl na Disney ko yana sauraron kiɗa in yana aiki, Kahl ya yi masa tsawa, ya nuna masa cewa shi ba ya iya tunanin abu biyu a lokaci guda. Na gwada shiru kwana biyu, kuma a cikin shirun ne idona ya kama ƙugun.

Kafaɗu har yanzu a sandare suke kamar katako, ba sa juyawa saɓanin ƙugu. Su zan kama gobe in Allah ya kai mu, kafin in taɓa gudu.