Daga Haɗeja zuwa Lugbe, neman hoton fadamarmu

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a Haɗeja, kuma duk daminar da ruwa ya ci gonakin mutane sai yara sun tambaye ni ta ina yake biyowa. Ina zana musu kogi a allo, na nuna madatsar Tiga da ta Challawa can sama, amma ni kaina zanen bai taɓa gamsar da ni ba. Saboda haka da wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Abuja ya ce, "Malam, ka zo ka gani da idonka," ban yi wata-wata ba.

A Kano na kwana. Da asuba na shiga mota a Unguwa Uku, muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka wuce Zariya, muka tsaya cin abinci a Mararrabar Jos. Daga Kaduna barci ya ɗauke ni, sai da Dutsen Zuma ya tsaya a gabanmu wajen la'asar sannan na wartsake.

Washegari yaron ya ɗauke ni zuwa Lugbe, kan hanyar filin jirgi, inda hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, take. A 1999 aka kafa ta. Abin da ya fara ɗaukar idona wani ƙaton faranti ne da ya ɗaga fuska sama, wanda ta nan saƙon tauraron ɗan adam ke saukowa.

Na zaci tauraron ɗan adam zai kai girman tirela. Da ya gaya mini nauyin NigeriaSat-1, tauraron Najeriya na farko, kusan kilo 100 ne, sai na ce masa ashe buhun masara guda aka harba. Kamfanin SSTL ne ya ƙera shi a garin Gilfod na Ingila, injiniyoyinmu 15 suna can ana koya musu aikin, sannan rokar Rasha ta ɗaga shi daga Plesetsk ranar 27 ga Satumba, 2003, tare da na Turkiyya da na Birtaniya. Na Aljeriya ya riga su tafiya, na Sin ya biyo baya a 2005. Kowace ƙasa da nata, amma sun yi gayya: duk inda bala'i ya faɗa, wanda ya fara bi ta kan wurin shi zai ɗauki hoto. Ta haka hotunan namu suka yi wa Amurka amfani lokacin guguwar Katrina a 2005. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin mun saba a ce mu ake kawo wa agaji.

"Wanda ya fi burge ni NigeriaSat-X ne, Malam," in ji shi. "Shi 'yan Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a can Ingila, aka harba shi tare da NigeriaSat-2 a watan Agustan 2011."

Daga nan ya buɗe kwamfuta ya kira wani tsohon hoto na yankinmu. Da farko ban gane komai ba, don ciyayi duk ja suka fito. Ya ce haka ake shirya launin, saboda ganye mai rai yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani. Kowane ɗigo a hoton mita 32 ne a ƙasa, gida ɗaya ba zai fito ba, amma faɗin abin da ake ɗauka a wucewa guda ya kai kilomita 600. Sai ga kogin Haɗeja baƙi wuluk, yana rarrabuwa kamar jijiyar ganye har ya nufi Nguru. Na ga inda kacalla ta toshe hanyar ruwa, jajir, na kuma ga inda ruwan ya kauce ya malale cikin gonaki. Na fi minti goma ban ce uffan ba.

Ya buga mini hoton a babbar takarda, na naɗe shi na riƙe a cinya don kada kaya su danne shi. A motar komawa wani dattijo ɗan Guri da ke gefena ya tambayi abin da na rungume haka. Na warware masa gefe ɗaya. Ya sa yatsa ya bi kogin a hankali, ya tsaya a wata kwana, ya ce, "Malam, nan ne shinkafata ta nutse."