Kafin ka zana allon agogon masallaci

Ƙannena masu sha'awar haɗa allon fitilun LED a nan Katsina, tambayar da kuka fi yi mini ita ce wace manhajar zane ta fi. Ku ajiye ta tukuna, ku fara da lissafin wuta.

Da aka ba ni aikin agogon lokutan sallah na masallacin unguwarmu, zane na fara yi, na ƙawata shi tsaf, sannan na bar Arduino, ƙaramar na'urar da ke sarrafa fitilun, ya ɗauki nauyin ba su wuta gaba ɗaya. Allon ya yi ta ƙyaftawa, can ya ɗauke. USB na kwamfuta, inda Arduino ke samun wuta, miliamfiya 500 (rabin amfiya) yake bayarwa, alhali allon MAX7219 guda, mai fitilu 64, yana iya jan sama da 300 in duka suka kama. Ka jera huɗu, ka haura amfiya ɗaya. Ku ba fitilun cajar volt 5 tasu daban, ku haɗa wayar negatif ɗinta da ta Arduino. Da biro da takarda ake gane wannan, ba sai an ƙona kaya ba.

Ban kuma yi lissafin NEPA ba. Duk ɗauke wuta sai agogon ya koma sifili, ladan ya aiko a kira ni. DS3231, ɗan guntun agogo da ake haɗawa da Arduino, da ɗan batirinsa ne maganin, yana riƙe lokaci ko an kwana babu wuta.

To, batun manhaja. Wokwi da Tinkercad kyauta ne, za ku gwada haɗin da lambobin shirinku kafin ku kashe ko sisi, sai dai suna buƙatar intanet. In an zo zanen allon haɗa kayan lantarkin da za a buga, ni KiCad nake so muku. Wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, babu kuɗin lasisi, kuma da zarar kun sauke ta, data ta ƙare ko kada ta ƙare, aiki na tafiya. Makon farko za ta ba ku wuya, ku daure.

Kada ku sa wani kaya a zane sai kun riƙe shi a hannu. Ku tambayi masu shago a gari, abin da babu a aika Sabon Gari a Kano, ku auna tazarar ƙafafunsa da kanku. Akwatin kuma ku bar masa ƙofar iska ta ƙasa saboda zafin bazara, ku rufe ta da raga don ƙurar hunturu.