Kafin ka ƙirga komit a rumbun Git

Idan ana son sanin wa ya fi aiki a rumbun kod na Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod), umarnin da aka fi saurin bugawa shi ne `git shortlog -sn`. Nan take zai jero sunaye, kowa da yawan komit ɗinsa, wato canje-canjen da ya adana a rumbun. Kada ka miƙa wa shugaban aiki wannan jeri tukuna, sai ka tsince tsakuwar da ke cikin shinkafar.

Ƙara `-e` ka ga imel. Sau da yawa mutum ɗaya zai fito sau uku: imel ɗin ofis, na gida, da adireshin noreply da GitHub, dandalin ajiye rumbunan Git, ke bayarwa don ɓoye imel na ainihi. Fayil ɗin `.mailmap` a tushen rumbun shi ke haɗe su: suna da imel na ainihi, sai tsohon imel a gaba, duk a layi ɗaya. Saka `--no-merges` kuma, in ba haka ba mai haɗa rassa (layukan aiki daban-daban na kod) zai haye saman jeri ko da bai rubuta komai ba. Cire dependabot da ire-irensa, wato manhajojin da ke yin komit da kansu. Idan a GitHub Actions (tsarin GitHub mai gudanar da umarni da kansa) kake lissafin, `actions/checkout` komit ɗaya tak yake ɗaukowa sai ka rubuta `fetch-depth: 0`.

Kowane komit yana da kwanan wata iri biyu, na marubuci da na wanda ya shigar da shi. `git log` na farkon yake nunawa, amma `--since` da na biyun yake tacewa. To `rebase`, wato sake ɗora komit a kan wani tushe, yana sabunta na biyun, sai aikin watan jiya ya faɗo cikin rahoton wannan mako. Inda kuma ake dunƙule reshe da `squash`, komit talatin na komawa ɗaya.

Ƙirgan layuka ya fi yaudara. `git log --numstat` zai ba ka waɗanda aka ƙara da waɗanda aka goge, amma sabunta `package-lock.json` (fayil ɗin da manhajar npm ke rubutawa da kanta) kaɗai na iya kawo dubban layuka da ba hannun mutum ya rubuta ba. Ware shi da `':!package-lock.json'`. Haka ranar da aka bi kod da Prettier ko Black, manhajojin daidaita tsarin rubutun kod. Tun Git 2.23 na 2019 `git blame --ignore-rev` na tsallake irin wannan komit wajen nuna wanda ya taɓa kowane layi, amma numstat zai ƙirga shi. Wanda ya yini yana farautar kuskure ya gyara layi biyu, ko ya duba aikin abokansa, da ƙyar zai fito, kuma wannan rashin adalci ne idan da shi za a yanke ƙarin albashi.

A ganina fayiloli ya kamata a auna:

`git log --since="6 months ago" --name-only --format= | sort | uniq -c | sort -rn | head -20`

Wannan zai fitar da fayiloli 20 da aka fi taɓawa cikin wata shida. Buɗe na sama-sama ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi tsawo, ake yawan gyara masa kuskure, ba shi da gwaji, kuma mutum ɗaya ne kawai ya san kansa, shi za a fara rubuta wa gwaji, a kuma sa mutum na biyu ya riƙa duba duk canjin da zai shiga cikinsa.