Wa ya raɗa masa suna?

Dungeons & Dragons wasa ne da ake zama a tebur, kowa ya ƙirƙiri jarumi ya taka rawarsa cikin labari. Ranar da na fara kawo ɗan ruwa biyu teburin wasanmu, rabinsa mutum rabinsa Ork (wata ƙaƙƙarfar halittar almara mai haure), na zo da sunan da nake ji da shi: Grakzug. Kwana biyu na yi ina juya shi a baki ina ƙara masa kaushi, don a zatona duk mai jinin Ork dole sunansa ya fito daga maƙogwaro kamar ana niƙa tsakuwa.

Na zayyana tarihinsa tiryan-tiryan. Uwarsa masaƙiya ce, ita kaɗai ta raine shi cikin mutane, bai taɓa sa ubansa a ido ba. Sai wata abokiyar wasanmu ta ajiye 'yan lidon da ke hannunta ta ce, "To wace uwa ce za ta rungumi jaririnta ta kira shi Grakzug?" Bakina ya mutu.

Da na koma littafin 'yan wasa na 2014, ashe amsar tana nan. Na haddace jerin sunayen, su Krusk da Thokk da Holg na maza, su Baggi da Vola da Ovak na mata, amma na tsallake bayanin da ke samansu: yawanci sunan yana bin al'ummar da ta raini yaron. Wani ya kan yar da sunan Ork don mutane su karɓe shi, wani kuma ya ɗauko shi da gangan don a ji tsoronsa.

Sai na sake lale. Uwarsa ta raɗa masa Elden, sunan mahaifinta, don tana so duk wanda ya ji ya san ɗan gida ne. Yaran unguwa kuwa Haure suke ce masa, saboda haƙoran nan biyu da suka turo leɓensa na ƙasa. Ya tsani laƙabin har ya girma, daga baya ya shiga aikin sojan haya ya mayar da shi abin tinƙaho.

Sunan dangin ubansa ne ya fi ba ni aiki. Na sa fensir biyu a gefen leɓena na ƙasa, na riƙa furta sunaye a gaban madubi. Duk harafin da sai leɓɓa sun haɗu, kamar "b" da "m", sai ya fito a dagule, amma "d" da "g" da "r" suna fita garau. Daga nan na samo Durg. Gaɓa ɗaya ce, kowa a teburin yana iya faɗinta, abin da Grakzug bai taɓa samu ba.

Tun 1978 ake wasa da irin wannan halitta, kuma sau da yawa ƙarfi da fushi kawai ake ba ta. A littafin 2024 ma an cire ta an sa Ork zalla. Ni dai ban saki nawa ba.

Bayan wata huɗu ana kiransa Haure ko Durg, mai jan ragamar wasan ya kai mu wata kasuwa. Wata tsohuwa ta ɗago kai daga kan masaƙarta ta ce, "Elden?" Tebur ya yi tsit, ni ma sai da na haɗiyi yawu kafin na iya amsa mata.