Abin da mayafi ya rufe

Shekara biyu ke nan da aka yi wa yayata aiki a asibitin koyarwa na Shika, aka cire mata mahaifa tare da ma'ajiyar ƙwan haihuwa, sannan aka bi ta da ƙona ciwon da na'ura saboda sankarar bakin mahaifa. Da muka dawo da ita Tudun Wada, duk wanda ya zo dubiya kalma ɗaya yake faɗa: "Ai kin warke, sai godiya." Ta gode wa Allah kuwa, amma ta daina zuwa biki da suna, ta kuma juya madubin ɗakinta ya fuskanci bango.

Na daɗe ina zaton rama ce take ɓoyewa. Sai wani dare da na ce mata, "Yaya, me ke damunki?" ta ba ni amsa cewa tun lokacin da ciwon yake sa ta zubar da ruwa mai wari ta fara ƙyamar jikinta, kuma har yanzu, duk da warin ya tafi, ba ta iya zama kusa da mutane sai ta turara kayanta sau biyu. Al'adarta ta ɗauke tana da shekara 38, zafi yana taso mata da tsakar dare, kuma bushewa da tsukewar da ƙonar ta bari sun mayar da kwanciyar aure azaba. Wannan na ƙarshen kunya ta hana ta faɗa wa kowa, alhali likitocin mata suna da taimakon da za su iya bayarwa a kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda muke auna darajar mace da haihuwa, har wata 'yar uwa ta yi wa mijinta zancen ƙarin aure a gabanta, tana kwance. Shi kuwa, Allah ya saka masa, ya amsa da cewa matarsa ya aura, ba mahaifarta ba. Ina ganin wannan magana ta yi mata aikin da wata ƙwaya ba ta yi ba.

Tun da aka shigar da rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin alluran yau da kullum a Najeriya a watan Oktoban 2023, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, take ta jiran ya iso gare mu, kuma da ya iso, da kanta ta kai autarta aka yi mata. Ana saura kwana uku Sallar bana ta aiko a ce mini in taho mata da mai lalle.