Kafireton mashina na ta zubar da mai, ga inda matsalar take

Mashin ɗin jeji nake hawa zuwa gona, tsohuwar Honda XL 125, don hanyar mu in damina ta sauka ba kowane mashin ke iya ratsa ta ba. To satin da ya wuce na fito da asuba zan tafi sai naji warin fetur ya cika zaure, na haska fitila naga ƙasa ta jiƙe sharkaf, mai yana ɗiga ta ɗan siririn tiyon nan dake ƙarƙashin kafireto. Na manta ban rufe famfon mai ba da daddare. Wallahi raina ya ɓaci, kowa ya san yadda litar mai take yanzu.

Abin da kowa ke fara yi shi nayi, na ɗauko sukundireba na ɗan ƙwanƙwasa kofin kafireton da ƙotar, ɗigar ta tsaya, bayan kwana biyu kuma ta dawo. Ƙwanƙwasawa tana fidda mutum in yana tsakiyar daji, amma ba gyara bane.

Aikin cikin kofin nan kamar tankin ruwan masai ne na zamani. Akwai fulot, wato ɗan abin dake yawo saman mai, in mai ya cika sai ya taso ya tura wata ƴar allura mai bakin roba ta toshe ƙofar da mai ke shigowa. Kafireton kamfanin Keihin ne ko na Mikuni duk haka suke. Duk abin da ya hana allurar nan zama daidai, ko ƙwayar yashi ɗaya ce, mai zai yi ta kwarara har ya kai bakin bututun tagulla dake tsaye cikin kofin ya zubo waje.

Na kai wa wani bakanike, ko allurar bai duba ba sai ya kama ɗan harshen ƙarfen dake jikin fulot ya lanƙwasa, yace shikenan an gama. Eh ɗigar ta ragu amma mashin ya koma shaƙewa, ina jan totur a hawa sai ya dinga cijewa kamar mai ya ƙare, saboda man dake cikin kofin ya yi ƙasa da yawa. Wannan harshen shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, kuma da awo ake yi, kowane mashin da nasa milimita a littafinsa, ana karkata kafireton ne har harshen ya ɗan taɓa tsinken allurar ba tare da ya danne shi ba sannan a auna.

Daga ƙarshe na zauna da kaina na kwance kafireton kan tire. Ƙasan kofin jajawur da tsatsa, daga tanki take zuwa, ga man kwalba da nake yawan saya a hanya in na makara. Bakin allurar kuma ya yi zobe, in ka shafa da farce zaka ji ɗan rami ya zagaye shi. Na girgiza fulot kusa da kunne banji motsin mai a ciki ba, kenan bai huje ba. Na sa sabuwar allura, na goge mazauninta da auduga, na maida harshen yadda yake, sannan na kifa kafireton na hura iska da baki ta inda mai ke shiga, iska bata wuce ba, na miƙe shi ta wuce. Nace Alhamdulillah.

Na ɗaura, na buɗe famfo, sai ga ɗiga kuma! Nan kaina ya ɗaure sosai, har na fara zargin sabuwar allurar. Sai na cire kofin shi kaɗai na zuba mai a ciki na riƙe a hannu, tun man bai kai rabi ba ya fara fita ta ƙasa. Ashe bututun tagullar ne ya tsage a tsaye, tsaga siririya kamar gashi, ido baya ganinta sai an haska. Mai gyaran lagireto ya liƙe min da dalma, ɗigar ta ɗauke ɗif.

Abu ɗaya da nake so masu irin wannan matsala su kula da shi, ba duk man ne ke zuba ƙasa ba, wani yana gangarawa cikin inji ya gauraya da baƙin mai. Da na zaro ma'aunin baƙin man naga ya haura kuma yana warin fetur, dole na juye na zuba sabo. In kuma ka taka kik kaji ya ƙame kada ka matsa masa, mai ne ya cika saman fistin kuma zai iya lanƙwasa sandarsa. Rufe famfo, kashe makulli, cire fulogi ka taka kik sau da yawa man ya fita, nesa da murhu da masu shan sigari, ka busar da fulogin ka maida, sannan ka tada shi babu cok da totur a buɗe.

Na wanke tankin, na sa ƴar matata a tiyon mai, yau kwana shida kenan ƙasan zauren a bushe yake.