Tambarin ya fito a yashin Kokrobite

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane a bakin teku. Talatar nan da ta wuce aikin ya fito a gaɓar Kokrobite, kusa da Ankara babban birnin Gana. Tambari cikakke irin na babbar riga, a zane a yashi, faɗinsa ya haura taku ashirin, da aska biyu a gefensa, kuma a hoto ana bin layin da ido tun daga cibiya har baki ba tare da ya ɓace a ko'ina ba. Na yi farin ciki ƙwarai, har yanzu hoton ne a fuskar wayata. Waɗanda muke tare tun damina sun san takaicin da na sha kafin a zo nan, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba.

Dukkanmu daga wuri ɗaya muka ɗauko karatun, wato hotunan su Andres Amador da Jim Denevan na Kalifoniya. Ka jira ruwa ya gama janyewa, ka ja manjagara a jiƙaƙƙen yashi, inda haƙoranta suka tona ya yi duhu, inda ba a taɓa ba ya yi haske, wannan bambancin shi ne zanen. A can abin yana tafiya. A nan Ankara kuwa ya ƙi mini ƙememe, kuma na daɗe ina zargin hannuna kafin in gane cewa tekun ne daban.

Tekunmu ba ya janyewa da nisa. Tsakanin cikarsa da janyewarsa bai kai mita 2 ba ko a ranar da ta fi kowace, alhali a wasu gaɓoɓin Ingila yakan wuce mita 10. Ga gaɓar tamu da gangara, ga yashin da kauri, ba ya riƙe ruwa. Filin da ake samu siriri ne, saboda haka kowa yake cewa a je lokacin tsayuwar wata ko sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Gaskiya ne filin ya fi faɗi a waɗannan ranaku. Amma a gaɓarmu janyewar tasu da hantsi take zuwa, wajen ƙarfe goma, ruwan kuma ya dawo ya cika kusan la'asar. Mu kuma muna zaune ƙasa da digiri 6 arewa da tsakiyar duniya, ƙarfe goma rana ta riga ta hau. Kana zagaye na uku, na farko ya bushe ya koma launin sauran yashi. Ka gama ka hau tudu ka duba, sai ka ga fili kawai, kamar ba ka yi awa biyu a sunkuye ba. Inuwa ma babu, don hasken daga sama yake saukowa.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗebo ruwa da bokiti ina yayyafawa, ya bushe dabbare-dabbare, ya fi na da muni. Na yi sauri, layin ya karkace. Wani ɗan'uwa ya ce in barbaɗa garin gawayi a cikin layukan, na ce a'a. Gaɓar da ledar fiya wata da tsummokaran gwanjo suka riga suka shaƙe ba ni ne zan ƙara mata wani abu ba, kuma a ganina duk wanda ya zo da launi daga gida ya bar wannan sana'a ya shiga wata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da na biya sidi 400 aka ɗaga mini jirgin ɗaukar hoto. Mai jirgin ya yi aikinsa daidai, hoton ya fito tas, sai dai babu abin gani a ciki illa yashi da ni a tsaye riƙe da manjagara. Kuɗin ɗinkin riguna ne na kwana da kwanaki.

Abu biyu suka warware matsalar, lokaci da zurfi.

Ruwan yana bin wata ne, yana jinkirin kusan minti 50 kowace rana. To sai ka ƙirga baya. Idan ranar sha huɗu yana janyewa da ƙarfe goma, ranar goma ko sha ɗaya ga wata wajen ƙarfe bakwai na safe zai janye, haka ma ashirin da biyar ko da shida. Za ka rasa 'yan taku na faɗin fili, amma rana tana ƙasa-ƙasa, yashi da sanyinsa. Mu da muke bin lissafin wata don azumi da salla ba ma buƙatar wani jadawali, kalandar masallaci ta isa a tsara ranar, sai dai a leƙa intanet da daddare a tabbatar da mintocin.

Zurfin kuma shi ne inda na fi jin daɗi. Na ajiye manjagara, na ɗauki ƙaramar fartanya don manyan layuka. Ina tona rami kamar tafin hannu, ina tara yashin a gefen gabas, ya tashi kamar kunyar gona. Hasken safe ya bugi kunyar, inuwarta ta faɗa cikin ramin. Ko yashin ya bushe layin yana nan baƙi, domin yanzu ba danshi ne ke riƙe da shi ba. Sai dai ga wata 'yar matsala da za ku ci karo da ita a kowane zagayayyen zane: inda layin ya miƙe kudu da arewa inuwa tana cika shi, inda ya kwanta gabas da yamma hasken yana bin cikin ramin ne, sai ya dushe. A nan na ƙara zurfi, na mayar da kunyar gefen teku. Yanzu da hunturu rana daga kudu maso gabas take ɓullowa, saboda haka inuwar tana ɗan karkata arewa ta shiga ramin. Idan watan Yuni ya zo sai a juya, kunyar ta koma gefen tudu.

Talata kuma da gangan na zaɓe ta. Masuntan ƙabilar Ga ba sa fita teku ranar Talata, don haka ba a jan taru ta kan aikinka. Na iske wani dattijo yana gyaran tarunsa a jikin kwalekwale, na gaishe shi, na nemi izinin wurin. Ya nuna mini inda igiyar ruwa ta tsaya daren jiya, layin ɓawon kwakwa da ciyawar teku, ya ce kada in sauka ƙasa da wani wuri da ya zana da ƙafarsa, don can babbar igiya takan zo ba sallama. Haka aka yi kuwa, ta zo ta tsaya taku biyu daga bakin tambarin. Ƙaguwa ce kaɗai ta yi mini ɓarna, ta huda rami a tsakiyar askar ta watso yashi waje, na bar mata shi a hoton.

Mutane suna ganin zanen sai su ambaci Spiral Jetty, wanda Robert Smithson ya gina da baƙin dutse a tafkin gishiri na jihar Yuta ta Amurka a 1970, tsawonsa kusan mita 460. Babban aiki ne, ina girmama shi. Amma ni daga bayan babbar riga na ɗauko tambarina, abin da nake ɗinkawa a shago a Nima tun ina yaro. Kuma yashin ya biya ni. Da na koma shago na ɗauko farar shadda, na yi mata aiki da farin zare, na cika ɗinkin ya tashi sosai a gefe ɗaya ya kwanta a ɗayan. Babu launi ko ɗaya, amma idan mai rigar ya juya sai aikin ya bayyana ya ɓuya. Maigidana da ya koya mini ɗinki ya juya ta a hannu ya daɗe, sannan ya ce in yi masa irinta.

Abin da ya rage mini shi ne dagi. Inda layi ke hawa kan layi ya kuma shige ƙarƙashin wani, kunyoyin suna rushe juna a mahaɗa, sawun ƙafata kuma yana cika tsakiya don babu ta inda zan fita. Ina tunanin shimfiɗa katako in taka, amma shi ma yana barin shaida. Wanda ya taɓa warware wannan don Allah ya faɗa mini yadda ya yi. Hoto kuma na koma ɗaure waya a kan gora, tawa ba ta kai mita 5 ba, gefen zanen yana yankewa. Duk mai gora da ta fi haka ya zo da ita ranar ashirin da biyar ga wata, mu haɗu a tashar Kaneshie da an idar da asuba.